GYARAN JIKI: Idan Fata Ta Yi Bore, A Fara Da Tsumma Da Ruwan Sanyi

Wata yarinya ce sabuwar shiga industiri, wadda ta shafe kusan shekara biyu tana fitowa a matsayin ƙawar amarya ko 'yar rakiya, irin fitowar nan da ko sunan mutum ba a sawa a fosta. Rannan sai Allah ya kashe ya ba ta, wani furodusa ya ɗauke ta a matsayin jarumar fim ɗinsa, har da waƙoƙi biyu da za a ɗauka a Tiga. Murna kam ba a magana. Ana saura kwana uku a fita lokeshan ta je aka zana mata baƙin lalle har gwiwar hannu, ta sayi sabuwar hoda mai nauyi, sannan ta ƙara wa man shafawarta ƙarfi da wani haɗi da ƙawarta ta kawo mata a 'yar roba marar suna, wai don ta fito fes a kamara.

Watan Afrilu ne, lokacin da zafin Kano kan kai digiri 40 har ya gota. Ranar farko aka wuni ana rawa a bakin ruwa, rana na dukan ta, ga hasken farantin da ake haska fuska da shi, ga zufa, kuma duk bayan an yanke sai a ƙara mata hoda a kan wadda ta jiƙe. Washegari da asuba ta duba madubi ta kusa fashewa da kuka. Goshi da kumatu da wuya duk sun feso da ƙananan ƙuraje, fuskar ta yi suntum tana raɗaɗi kamar an watsa barkono.

Nan fa masu ba da shawara suka yi caa. Wannan ta ce a shafa man goge baki, waccan ta ce lemon tsami, wani ɗan rawa ya ce a gasa da ruwan zafi, wata kuma har ta fiddo man zafi daga jaka. Ana cikin haka sai ga mai kwalliyar fim ɗin, wata dattijuwa da ta daɗe a harkar tun zamanin kaset.

"Ke 'yar nan, sauke hannunki daga fuskar nan!" in ji ta.

"Anti, wallahi ƙaiƙayi ne kamar in cire fatar. Kuma yau ne za a ɗauki fuskata kurkusa. In darakta ya gan ni haka ai canza ni zai yi."

"In kika ci gaba da susa ne zai canza ki. Kawo mini ruwan leda biyu daga kula, da farin hankici mai tsabta."

Ta sa ta wanke hodar jiya da ta kwana da ita, ta jiƙa hankicin ta matse, ta kwantar da ita a inuwa ta shimfiɗa mata shi a fuska. In ya ɗumama a sake jiƙawa. Bayan kamar minti 10 raɗaɗin ya lafa. Dattijuwar ta je ta sami darakta suka yi magana, aka juya tsarin aikin, aka fara da fitowar sauran 'yan wasa, ita kuma aka ba ta hutun kwana biyu ba hoda ba haɗin mai, sai tsumma da ruwan sanyi sau uku ko huɗu a wuni. A rana ta uku fuskar ta sace, aka yi mata kwalliya mara nauyi aka ɗauki abin da za a ɗauka.

To amma labarin bai ƙare a nan ba, domin hannuwan da aka yi wa baƙin lalle su ma sun tashi, kuma su tsumma bai iya musu ba. Za a dawo kansu a gaba.

ME SANYI KE YI WA FATA?

Mai karatu zai iya cewa wannan ai dabarar tsofaffi ce kawai. To ba haka ba ne, likitocin fata ma da ita suke fara ba da shawara. Duk lokacin da wani abu ya fusata fata, ko zafi ne, ko sinadari, ko cizon ƙwaro, jiki kan saki wasu sinadarai, cikinsu har da wanda ake kira histamin. Su ne ke sa ƙananan jijiyoyin jini su buɗe, jini ya taru a wurin, ruwa ya tsattsafo cikin tsoka, sai a ga kumburi, a ji ɗumi da ƙaiƙayi. Shi kuma sanyi akasin haka yake yi: yana sa jijiyoyin su tsuke, kumburin ya ragu.

Aiki na biyu ya fi wannan ban mamaki. A cikin fata akwai wasu jijiyoyi da aikinsu shi ne jin sanyi, kuma idan suka motsa sukan danne saƙon ƙaiƙayi kafin ya isa ƙwaƙwalwa da ƙarfinsa. A shekarar 2002 ne wasu masana biyu a Amurka, David Julius da Ardem Patapoutian, kowa da tawagarsa, suka gano ainihin abin da ke karɓar sanyi a jikin jijiyoyin, wanda aka sa wa suna TRPM8. A 2021 aka ba su kyautar Nobel saboda bincikensu kan yadda jiki ke jin zafi da sanyi da taɓawa. Wannan abin dai shi ne sinadarin mantol da ke cikin man zafi yake taɓawa, shi ya sa mutum ke jin sanyi-sanyi in ya shafa, alhali fatar ba ta huce ba. Ka ga ke nan man zafi yaudarar jijiya yake yi, kuma a kan fatar da ta riga ta fusata ko ta saɓule, ƙara mata azaba zai yi.

Aiki na uku shi ne hana susa, kuma ga ɗan fim wannan ne babba. Susa tana da daɗi na ɗan lokaci, amma tana ƙara fusata wurin, ƙaiƙayin ya dawo fiye da da, a sake susa, haka dai har farce ya yaga fata. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: daga nan ƙwayoyin cuta sun sami ƙofa. Sannan baƙar fata tana da wani hali, duk inda ta ji ciwo ko ta kumbura takan bar baƙin tabo bayan an warke, tabon da kan ɗauki watanni kafin ya baje. Ƙurjin kwana uku sai ya bar shaidar wata shida, kuma kamarorin yanzu ba sa rufa wa kowa asiri.

YADDA AKE YI

Abin ba ya buƙatar kuɗi, amma yana da ƙa'ida. Da farko a wanke hannu da sabulu. A cire duk abin da ake zargi shi ya jawo matsalar, hoda ce ko mai ko turare ko sarƙa, a wanke wurin a hankali da ruwa, ba tare da soso ba. A sami ƙyalle mai laushi na auduga, wankakke, kamar hankici ko ƙaramin tawul ko yankin tsohon zane. A tsoma shi cikin ruwa mai sanyi mai tsabta, a matse har ya daina ɗiga, a shimfiɗa a wurin. Ɗorawa ake yi, ba gogawa ba. A bar shi minti 5 zuwa 10, in wurin yana raɗaɗi sosai a kai 15, ana sake jiƙawa duk lokacin da ya ɗumama. Ana iya maimaitawa sau uku ko huɗu a wuni, ko duk sa'ad da ƙaiƙayin ya taso.

Ba sai da firji ba. Ruwan randa ya wadatar, in dai randar a rufe take kuma ana wanke ta. A lokeshan ruwan leda da aka ajiye a kula ya isa. Abin da ba a so shi ne ruwan dam ko na kududdufi ko na rijiyar da ba a yarda da ita ba, musamman in fatar ta fashe. Wanda ke shakkar ruwansa ya tafasa ya bar shi ya huce.

Mai son amfani da ƙanƙara ya kiyaye: ba a ɗora ta kai-tsaye a kan fata. Ƙanƙara tana ƙuna kamar yadda wuta ke yi. A sa ta a leda, a naɗe ledar da tawul, sannan a ɗora, kuma kada a wuce minti 10 zuwa 15 a zama ɗaya. In wurin ya fara mutuwa ko ya yi fari, a cire nan take.

Bayan an gama a bar wurin ya sha iska ko a ɗan danna da busasshen ƙyalle. Kowa da tsummansa. Ɗabi'ar nan ta lokeshan, inda tawul ɗaya zai zagaya fuskar mutum goma, ita ce hanya mafi sauƙi ta raba wa juna ciwon ido na afolo da makero. A wanke ƙyallen da sabulu bayan kowane amfani, a shanya a rana.

A SHAFA MAI KO KADA A SHAFA?

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, domin amsar ta danganta da irin matsalar. Idan ƙurajen zafi ne, wato irin na jarumar can, asalinsu toshewar ƙananan hanyoyin da zufa ke fitowa ne. Hoda mai kauri, mai mai maiƙo, da kayan rawa na roba-roba masu kama jiki su ne ke toshe su. Don haka bayan tsumman sanyi ba a bin wurin da basilin ko man kaɗanya, sai a bar shi ya sha iska, a sa tufafin auduga masu yalwa, a nemi inuwa. Ruwan kalamin da ake samu a kemis yana taimakawa.

Idan kuwa bushewa ce irin ta hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da fata ke yin furu-furu tana tsagewa tana ƙaiƙayi, to a nan mai shi ne magani. Da an ɗauke tsumman, tun wurin na da danshi, a shafa basilin marar turare ko man kaɗanya mai kyau don ya riƙe laimar. In ba a yi haka ba ruwan zai bushe ya bar fatar ta fi da bushewa. Haka ma masu fama da kirci.

Samari kuma ga nasu. Ƙurajen aski da ke fitowa a haɓa da wuya da ƙeya suna faruwa ne saboda gashin baƙar fata murɗaɗɗe ne, in an aske shi ƙwal sai tsininsa ya lanƙwaso ya koma cikin fata. Tsumman sanyi bayan aski yana rage raɗaɗi da kumburi, amma maganin na gaskiya shi ne a daina askewa har ƙasa, a bi inda gashin ya kwanta, kuma a ba wurin hutu. Mai amfani da hodar aski kada ya bar ta ta wuce lokacin da aka rubuta a jikin gwangwanin.

Masu aikin dare su ma su lura. Fitilun shutin suna tara ƙwari, musamman da damina, kuma akwai wani ɗan siriri mai launin ja da baƙi wanda ba ya cizo, amma in aka murtsuke shi a jiki ruwansa kan ƙona fata, bayan kwana ɗaya ko biyu a ga wurin ya yi layi ya tashi kamar ƙunar wuta. Hangara ma haka take yi. In irinsu suka sauka a jiki a hure su ko a kakkaɓe, kada a mare su. In an riga an murtsuke, a yi maza a wanke da sabulu da ruwa mai yawa, kada a taɓa ido da hannun, sannan a ɗora tsumman sanyi.

Ƙunar wuta ko ta ruwan zafi ko ta fitilar da ta yi zafi kuwa, tsumma ya yi mata kaɗan. Ita ruwa mai sanyi ake kwarara mata na tsawon minti 20. Ba ƙanƙara, ba man goge baki, ba ƙwai, ba gishiri, ba manja. In ƙunar tana da faɗi, ko a fuska take, ko a jikin ƙaramin yaro, sai asibiti.

INDA TSUMMA BA YA ISA

A koma kan hannuwan jarumar. Kwana biyu bayan fuskar ta lafa, sai zanen lallen ya kumbura ya bi sawun fulawar da aka zana tiryan-tiryan, ya ɗuri ruwa. Tsumman sanyi ya rage mata raɗaɗi, amma abin sai gaba yake yi, dole aka kai ta wurin likita, sauran fitowarta kuma aka ƙarasa da doguwar riga mai rufe hannu.

Dalili shi ne, lalle na asali ja ne, kuma ba kasafai yake cutarwa ba. Wanda ke yin baƙi wuluk cikin ɗan lokaci galibi an haɗa shi da sinadarin rinin gashi da ake kira PPD, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ba ta yarda a shafa shi a kan fata kai-tsaye ba. Ba kowa yake yi wa illa ba, amma wadda jikinta ya ƙi shi, to ya ƙi shi ke nan har abada, ko rinin gashi ta yi daga baya zai iya kumbura mata kai da fuska. Abin kan bayyana bayan kwana ɗaya zuwa uku, wani lokaci har mako biyu in karon farko ne. Amare da masu shirin salla su yi hattara.

Sai kuma batun haɗin man nan na 'yar roba. Yawancin irin waɗannan haɗe-haɗe suna ɗauke da haidrokwinon ko magungunan sitiroyid masu ƙarfi, waɗanda likita ne kaɗai ya kamata ya rubuta su, na ɗan lokaci. Suna sa fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito, ta kasa jure rana, ga ƙuraje, ga nankarwa. Shi ya sa mai bilicin ke saurin ƙonewa a lokeshan fiye da abokan aikinta. A Fabrairun 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Nijeriya. Tsumman sanyi zai kwantar da raɗaɗin yau, amma in an koma wa robar gobe, an yi aikin baban giwa. Wadda ta daɗe tana shafa irin wannan mai kuma ta nemi likitan fata ya nuna mata yadda za ta rabu da shi, domin wani lokaci in an tsaya farat ɗaya fuskar kan yi ja ta yi zafi, har mutum ya tsorata ya koma ruwa. Garin neman gira dai kada a rasa ido.

Haka nan sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta. Ƙazuwa da makero da kyasbi kowanne da maganinsa, tsumma sai dai ya rage ƙaiƙayi kafin a samo shi. Maruru da hazbiya kuma ɗumi suke so ba sanyi ba, don su nuna su fashe da kansu.

WAƊANDA ZA SU YI HATTARA

Masu ciwon sikila su guji ƙanƙara da ruwa mai tsananin sanyi, domin sanyi na cikin abubuwan da ke tayar musu da ciwo, kuma Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan masu wannan lalura. Su tambayi likitansu tukuna. Masu ciwon suga da ƙafafunsu suka fara mutuwa ba za su ji lokacin da sanyin ya yi yawa ba, don haka su ma ban da ƙanƙara. Jarirai ba a sa musu ƙanƙara sam. Akwai kuma mutanen da sanyin ne da kansa ke tayar musu da borin jini. Duk wanda ya ga wurin ya ƙara tashi bayan ya ɗora tsumma, ya dakata.

Akwai alamun da in an gan su ba a tsayawa neman hankici. Idan borin jini ya zo da kumburin leɓe ko harshe ko maƙogwaro, ko numfashi ya fara sarƙewa, ko jiri, musamman bayan shan wani magani ko cin wani abinci ko harbin zuma, wannan maganar rai ce, a garzaya asibiti mafi kusa. Haka in ƙuraje suka zo da zazzaɓi, domin ƙyanda da ƙarambau da sanƙarau duk suna iya zuwa da ƙuraje, kuma lokacin zafi ne lokacinsu. Haka in wurin ya fara fitar da mugunya, ko yana faɗaɗa yana zafi, ko fata ta fara saɓulewa, ko baki da ido suka yi gyambo bayan an fara shan sabon magani. Wanda kuma ya yi kwana uku yana ɗora tsumma bai ga sauƙi ba, ya je a duba shi.

Ga masu sha'awar shiga fim da masu kwaikwayon kwalliyar jarumai a gida, nasihar dattijuwar nan ta isa guzuri. Duk sabon mai ko hoda a fara gwada shi a cikin hannu, a ɗan ƙaramin wuri, na 'yan kwanaki kafin a kai shi fuska, kuma ba a gwajin sabon abu ana gobe biki ko ana gobe shutin. Kada a kwana da kwalliya. Kada a karɓi man da ba shi da suna ba shi da lamba. A jakar kowace 'yar wasa kuma, kusa da madubi da jan baki, ya kamata a sami wankakken hankici guda biyu a cikin leda.

A fitowa ta gaba, in Allah ya kai rai, filin zai duba matsalar karyewar gashin gaban goshi da ƙarin gashi da ɗaurin ɗankwali mai tsanani ke jawowa.